Tattasan Zuweira da Walimar Jannat

An haifa mini jika! Mace ce, kuma sunan matata aka sa mata! Malama Habibatu, ki gafarce ni, na fara da labari ban yi sallama ba. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, da sanyin nan da ya shigo mana, ina kuma gaishe da duk masu karanta wannan fili. Taimako nake nema, amma ki bar ni in fara da abin daɗin, don in bai fita daga bakina ba, ba zan iya rubuta sauran ba.

Ni mutumin Kumasi ne, a zango aka haife ni. Shekarata talatin da ɗaya a Manchester, kusan dukansu a Gorton, a layi ɗaya. Na yi aikin gidan burodi, na yi sharar ofisoshi, yanzu na huta. Wasiƙar nan da hannuna na rubuta ta, kuma wannan ma abin godiya ne. Allo na yi ina yaro, boko kuwa ban shiga ba sai da na haura sittin, a ajin yamma da Malam Nuru yake yi mana Talata da Alhamis a ɗakin bayan masallaci. Ɗan Kano ne, yana karatu a uni a Salford, ga haƙuri da tsofaffi. Allah ya saka masa da alheri. Da, ko takardar council, wato hukumar gari, ce ta zo sai in jira yara. Yanzu ni nake karanta filinki da kaina, yatsana a kan layi.

Matata Zuweira ta rasu shekara biyu da suka wuce. Tana da 'yar gona da council suka ba ta, allotment, wadda ta yi shekara shida tana jiran layinta ya zo. Ta kafa rumfar leda a ciki ta ce tattasai za ta shuka. Maƙwabtan gonar suka yi ta yi mata dariya, wai tattasai ba ya nuna a Manchester, kore zai tsaya har sanyi ya kashe shi. Nata ya nuna. Ja wur. Duk shekara takan ware mafi kyau ta cire irin, ta shanya a kan faranti, ta zuba a gwangwanin shayi.

Shekarar da ta rasu ban iya taka gonar ba. Ciyawa ta cinye ta. Sai ga takarda daga council cewa in ba a gyara ba za su ba wani. Ita ce takarda ta farko da na karanta daga sama har ƙasa ba wanda ya taya ni, kuma ita ta tashe ni. Na nemo gwangwanin shayin, na shuka irin a bakin taga tun Fabrairu, na kai su rumfar da sanyi ya sassauta. Na yi yaƙi da dodon koɗi, Malama, yaƙi na gaske. Gwiwata ta kumbura har GP, likitanmu, ya ce in rage durƙuso, ban rage ba. Ƙarshen Satumba na shiga rumfar na ga ja ta ko'ina. Na zauna a kan bokiti na yi kuka na gode wa Allah.

To sai ajiya. A gida shanyawa ake yi a kan rufi, kwana kaɗan ya bushe. Nan ina ranar take? Na gwada jera wasu a kan hita, suka yi laushi suka yi fumfuna, na zubar. Sai na tuna da shito ɗin Zuweira. Ga waɗanda ba su sani ba, shito yajinmu ne na Ghana da ake soyawa da mai. Takan cika kwalba, mai ya hau sama, mu yi wata uku muna ci. Kullum takan ce muddin mai ya rufe shi, kuma ba a sa jiƙaƙƙen cokali ba, babu abin da zai same shi. Na ce to ai ga hanya. Na bi maƙwabta na tara kwalaben jam da na mayonis, na wanke su tas. Na yanka tattasan, na ɗan tsoma a ruwan zafi, na cusa a kwalba da tafarnuwa da gishiri, na cika da mai har wuya, na rufe. Sannan na jera su a babbar tukunyar da take dafa waken sallah, na tafasa su da kyau. Da suna hucewa sai na riƙa jin murafen suna ƙas, ƙas, suna lotsawa ciki. Kwalba talatin da shida. Na jera su a kanta a ƙarƙashin bene.

Kwalabe suka ƙare, tattasai bai ƙare ba. 'Yata Sherifatu, wadda take tuƙa tram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, a Salford, ta zo ranar hutunta ta tarar da buhu biyu a kicin. Ta ce Baba zai ruɓe, ta zauna ta yanyanka ta ƙulla a leda ta cika mini firiza, har kifina ta fitar ta tafi da shi don wuri. Wannan ban ma sa shi a lissafi ba, ai kowa ya iya jefa abu a firiza. Kwalaben su ne aikin.

Yanzu ga jikar. Ɗana Faizal yana Aston a Birmingham da matarsa Safiyatu, 'yar Zariya. Karatu ya kawo ta, bincike take yi a kan ƙwayoyin cuta da suke shiga abinci. Mako uku ke nan ta sauka lafiya, ranar Juma'a da hantsi. An raɗa suna a masallaci, Zuweira. Amma Jannat suke kiranta, don Faizal ba zai iya buɗe baki ya kira sunan uwarsa gatsau ba. Ni kuwa amaryata nake ce mata. Na hau mota na je, aka miƙo mini ita, ta kama ɗan yatsana ta ƙi saki. Goshin kakarta ne, wallahi, har da ɗaure fuskar. Walimar an ɗaga ta sai mahaifiyar Safiyatu ta iso daga Najeriya, Asabar ta biyu a watan Disamba, a wani hall a Aston.

Murna ta sa na yi abin da yanzu yake hana ni sukuni. Bayan sallar Juma'a na miƙe a masallacinmu na ce duk miya da jallof ɗin da za a ci a walimar Jannat, da tattasan kakarta za a dafa, wanda ta bar irinsa, mijinta ya noma ya ajiye. Aka yi ta kabbara. Na ba Liman kwalba ɗaya, na ba Malam Nuru ɗaya, na ba abokina Bara'u ɗaya, wanda muka taso layi ɗaya a zango. Bara'u har yana tsokanata wai na zama kamfani, saura in buga hotona a jikin kwalbar.

Da na koma Aston na tafi wa Safiyatu da ɗaya. Ta russuna ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ɗaga ta ta duba a haske. Ta tambaye ni yadda na yi, na zayyana mata tun daga wankin kwalba. Ta tambaya ko na sa khal, ruwan tsamin nan da ake kira vinegar, na ce a'a, me zai kai tsami cikin tattasan miya.  Ta ɗora kwalbar can saman kabad, ta kawo mini shayi. Ba ta ce komai ba har na tafi.

Bayan kwana biyu Faizal ya kira. Ko gaisuwar kirki bai gama ba, rabi Hausa rabi Turancinsu na nan, ya ce Baba kada ka kawo kwalaben nan, Safiyatu ta ce they're not safe, za ka iya kashe mutane. Haka ya ce. Kashe mutane. Ni da na yi ta ɗaukarsa a wuya zuwa kasuwar Gorton. Na ce masa na ji, na ajiye wayar. Yau kwana goma, in ya kira sai in tambayi lafiyar amaryata in ce sai an jima.

Malama, ga abin da yake cikin raina, ba zan ɓoye ba. Wani lokaci sai in ce, sun ɗauki sunan Zuweira amma sun ƙi tattasanta. Wani lokaci shaiɗan ya raɗa mini cewa kunya suke ji, surukai za su zo daga Zariya su tarar da tsohon zango da kwalaben jam ɗinsa. Sai kuma in yi istigfari, don na san yarinyar nan. Lokacin jinyar Zuweira, duk ƙarshen mako tana hanyar Manchester, ita take yi mata kitso a gadon asibiti. Kuma Faizal da bakinsa ya gaya mini ita ta fara cewa a sa wa jaririyar sunan. To in tana da magana, me ya sa ba ta faɗa mini ina zaune a falonta ba?

Kuma ni ban ga aibin tattasan ba. Launinsa yana nan, babu wari. A Oktoba na buɗe ɗaya na soya da ƙwai, ga ni garau. Ɗaya ce kawai murfinta ya ɗan taso, na ware ta gefe. Ban da haka ma, ai miya tafasa za ta yi. Na tambayi Sherifatu, ta ce ita ba za ta shiga tsakanina da Faizal ba, amma in daina ci tukuna.

Ki gaya mini gaskiya. In kai kwalaben ko kada in kai? In ban kai ba, me zan ce wa mutanen da na tsaya a gabansu na yi alkawari? Kuma ta yaya zan koma wa ɗana da surukata ba tare da na zubar da girmana ko na ɓata musu ba? Ba na son ranar Jannat ta zo ina fushi da iyayenta.

Duk da haka ni mai godiya ne. Allah ya ba ni karatu da tsufana, ya bar mini gonar, ya mayar mini da Zuweira a zanin goyo. Duk wanda yake kusa da Gorton ya zo ya ga kantar nan, ya ga yadda jan yake ƙyalli in na kunna fitila. Ranar Asabar ɗin kuma ku zo Aston ku ga amaryata, ke ma Malama har da ke. Ku zo ku gani da idonku!

Kakan Jannat, Gorton


Baba Kakan Jannat, wa alaikumus salam. Barka da arziki. Allah ya raya Jannat, ya jiƙan mai sunan, ya ƙara wa mai jego lafiya. Rubutunka kuma ya fita sarai, a gaishe mini da Malam Nuru.

Ranar da wasiƙarka ta iso na kira lambar da ka sa a bayanta, ban jira a buga ba, kuma abin da na gaya maka shi zan maimaita saboda masu karatu. Kwalabe ukun nan da ka bayar, na Liman da na Malam Nuru da na Bara'u, a karɓo su kafin komai. Kada kowa ya buɗe, kada kowa ya ɗanɗana. Wanda ya riga ya ci, in ya ji ganinsa yana rabuwa biyu, ko haɗiya tana yi masa wuya, ko magana tana sarƙewa, ko jiki ya saki, a kai shi asibiti nan take, a faɗa musu abin da ya ci.

Surukarka tana da gaskiya, Baba. Maganar Hajiya Zuweira a kan shito ba ƙarya ba ce, amma ka tuna yadda take yinsa. Tsayawa take a kan wuta tana juyawa har ruwan ya ƙone ƙurmus, ya yi baƙi, sannan mai ya rufe. Naka tattasan da ruwansa ya shiga kwalba, ga tafarnuwa, babu tsami, mai ya toshe iska, aka ajiye shi a ɗumin gida. Akwai wata ƙwayar cuta da take zuwa daga ƙasar gona, wadda irin wannan wurin take so. Tafasa kwalba a tukunya ba ya kashe ta, kuma gubar da take fitarwa sau da yawa ba ta wari, ba ta sauya launi. Lotsawar murfi tana nuna iska ba ta shiga ne kawai. Wadda ka ci a Oktoba Allah ne ya kiyaye, wadda murfinta ya taso kuwa ita ce ta fito ta yi maka magana. Gaskiya ne zafi mai tsanani yana karya gubar, amma kafin ta kai tukunya akwai hannun da zai buɗe, da cokalin da za a lasa, da mata goma a kicin kowa tana sauri. Ba za a gwada wannan a taron da akwai tsofaffi da masu ciki da mai jego ba.

Faizal bai iya magana ba, wannan na ba ka. Ba a kiran uba a jefa masa irin wannan kalma ko gaisuwa ba a gama ba, kuma in yana karantawa, ya nemi gafara. Amma tsoro ne ya yi magana da bakinsa. Ita kuma Safiyatu, ka sa kanka a wurinta. 'Yar Zariya ce, surukinta ya kawo mata kyauta yana murna, da sunan marigayiya a kai. Tarbiyyar da aka yi mata ba za ta bar ta ta dubi idonka ta ce aikinka ya ɓaci ba. Ta yi abin da aka koya mata: ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora inda hannu ba zai kai ba, ta bi ta wajen mijinta. Da kunyarka take ji a gaban danginta, da ta karɓi kwalaben duka ranar walima ta zubar a ɓoye, ta sayo na kanti, ba za ka taɓa sani ba. Ta zaɓi ka ji haushinta a kan ka ci gaba da ci kai kaɗai a Gorton. Ni dai da za ta ƙara da kiranka da kanta bayan haka, da ya fi, amma mai jego ce, a yi mata uzuri.

Yanzu alkawarin masallaci. Na sake karanta abin da ka ce ka faɗa: da tattasan kakarta za a dafa, wanda mijinta ya noma. Ba ka ce na kwalba ba. Buhu biyun nan da Sherifatu ta yanyanka ta cika firiza, wanda ka ce ba ka sa a lissafi ba, daga wace gona suka fito? Irin gwangwanin shayin ne, gwiwarka ce ta kumbura a kansu, kuma lafiyarsu ƙalau. Sun isa miya da jallof. A zuba su cikin kula mai ƙanƙara a safiyar tafiya, Sherifatu ta kai ka, a miƙa wa masu girki. Alkawarinka yana nan daram. Ka kuma saya wa Sherifatun tukuici, don ita ta ceci walimar ba ta sani ba.

In ka je karɓo kwalaben, ka faɗi gaskiya a taƙaice: surukata masaniyar abinci ce, ta duba ta ce hanyar da na bi ba ta da tabbas. Babu wanda zai raina ka. Bara'u zai yi dariya, ka bar shi ya yi, yana raye yake yin ta.

Kwalaben da suke kan kantar kuwa, ka ɗauke su hoto yadda suke, don aiki ne ka yi kuma yana da kyau a ido. Sannan ka sa safar hannu, kada ka buɗe ko ɗaya, kada ka juye a sinki ko a takin gona. Ka ƙulle su a leda biyu ka sa a sharar da ba a sake sarrafawa. Na san zai yi ciwo. Ka kira Sherifatu ta tsaya tare da kai.

Kafin walima ka kira Safiyatu, ita, ba Faizal ba. Ka ce 'yata, na ji saƙo, na gode, baɗi ke za ki koya mini. 'Yan kalmomin nan za su sauke mata nauyin da take ɗauke da shi kwana goma. Akwai hanyoyi masu kyau: a jiƙa shi a khal da awo daidai, ko a yi amfani da tukunyar matsi ta musamman da ake kira pressure canner, ko dai firizar da ka raina. Wanda ya koyi karatu bayan sittin ba zai gagara koyon wannan ba.

Abu na ƙarshe. In ka ware irin bana, ka ɗebi kaɗan ka zuba a ambulan, ka rubuta sunan jaririyar a kai da hannunka, sunanta na gaskiya, ka ba uwarta ta ajiye mata.

Gayyatar Gorton a bar ta sai baɗi, in sabuwar kanta ta cika. Ta Aston kuwa na karɓa. A ajiye mini jallof, kuma ina so in ga goshin nan da idona. Allah ya kai mu, ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya.

Habibatu